Babur Mai Kwantaccen Sirdi a Hanyoyin Kankiya da Kusada

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu, da dukan wanda aikinsa ke sa shi hawa babur zuwa ƙauyuka. A ƙasar Kankiyan Katsina da ƙasar Bebejin Katsina, Hakimin Kusada, babur ne ya gaji doki a aikin rangadi. Shi ke kai takardar Hakimi ga Dagaci, shi ke kai malamin gona da malamin asibiti inda mota ba ta shiga, a kansa kuwa a ke ɗauko mai naƙuda da dare. Kwaltar da ta taso daga Katsina ta bi ta Caranci da Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya ta nufi Kano hanya ce mai sauƙi. Amma mafi yawan tafiyar aiki ba a kanta ta ke ƙarewa ba. Wanda zai shiga unguwannin da ke kewaye da Rimaye ko Kafin Soli, ko Mawashi ko Dudunni, tilas ya sauka ya bi burji da rairayi da turbar shanu.

Kukan da a ke yawan ji game da wani irin babur shi ne, a kan kwalta kamar jirgin ruwa, amma da ya taka gargaɗa sai ya riƙa dukan bayan mai shi, kansa ya riƙa rawa, in an zo kwana ya ƙi juyawa. Waɗansu sun ɗauka halinsa ke nan, sai haƙuri. Waɗansu kuwa su garzaya su sayi sabuwar shokazoba, su ɓata kuɗi, ciwon yana nan. Gaskiyar maganar ita ce, kaɗan daga cikin laifin na ƙira ne, ba ya gyaruwa. Saura duka yana da dalili wanda za a iya ganowa, in an bi shi daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Ƙirar babur ɗin

Babur ɗin da a ke magana shi ne dogon nan mai kwantaccen sirdi, mai faffaɗan kai, wanda matakin ƙafarsa ya ɗan yi gaba, Turawa suna ce masa kuruza. Asalin wannan ƙira daga Amurka ta ke, wajen kamfanoni irin su Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwoki a 1903, an kuwa yi ta ne domin dogayen tituna miƙaƙƙu. Daga baya Japanawa suka yi ƙanana a kan wannan fasali, irin su Suzuki GN125, masana'antun ƙasar Sin kuma suka yi ta buga masu kama da shi. Su ne suka cika kasuwannin ƙasar Hausa. Ma'aikaci yana son sa domin yana da kwarjini, zama a kansa kuwa kamar zama a kujera.

To, amma abin da ya ba shi wannan kyau shi ne ya rage masa ƙarfi a daji. Domin a sauke sirdi ƙasa, dole aka gajarta shokazobar baya, sabo da haka tazarar da ta ke da ita ta lanƙwasa ta dawo kaɗan ce, sau da yawa ba ta wuce inci 2 zuwa 3 ba. Babur ɗin da aka ƙera domin daji yana da ninki biyu ko uku na wannan. In ƙafar baya ta faɗa ramin da ya fi ƙarfin tazarar, sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ragowar dukan kuwa ƙashin bayan mahayi ne zai sha. Mai doki in ya zo kwazazzabo ya kan miƙe a kan likkafa, gwiwoyinsa su karɓi tsallen. Mai wannan babur ba shi da wannan dama sosai, don ƙafafunsa suna gaba, nauyinsa duka yana kan mazauninsa. Har wa yau ƙafar gaba ta miƙe nesa, watau fok ɗinsa ya kwanta fiye da na sauran babura, wannan ya sa ba ya kauce wa miƙaƙƙiyar hanya, amma ya sa shi nauyin kai a kwana da cikin rairayi. Cikinsa kuma kusa da ƙasa ya ke, yana saurin gogar kunya da tudun tsakiyar turbar amalanke.

Waɗannan ba makanikin da zai sake su. Wanda aikinsa kashi uku cikin huɗu a daji ne, gara tun wurin saye ya zaɓi babur mai miƙaƙƙen zama da doguwar shokazoba, irin wanda 'yan acaɓa suka fi rungumar sa, ba don ba su san kyau ba. Wanda ya riga ya saya kuwa, ga abin da zai duba.

A fara daga taya

Ba abin da ya kai iskar taya arha, ba kuwa abin da ya kai ta sake halin babur. Mai faci a bakin tasha ya kan buga iska ya latsa da babban yatsa, in ta yi tauri kamar dutse ya ce ta yi. Taya ita ce sifirin na farko. In iska ta yi yawa sai ta riƙa tsalle a kan gargaɗa, ɓangaren da ke taɓa ƙasa ya ragu, birki ya rage kamawa. In ta yi kaɗan sai kai ya yi nauyi, babur ya riƙa lilo a kwana, taya ta yi zafi, tsini kuwa ya tsinke tub. Kamfani ya kan rubuta awon da ya dace a littafin babur, ko a wata 'yar takarda da a ke mannawa kusa da sarƙa. A ƙananan babura ya kan kama wajen fam 25 a gaba, 29 a baya, a ƙara kaɗan a baya in za a yi goyo. Da safe a ke awo, kafin a tashi, don tafiya da zafin rana suna ɗaga iska, musamman da bazara. Ma'aunin iska na aljihu ya kamata ko wane ofishin Hakimi ya ajiye guda.

Sa'an nan a dubi jikin tayar. Tayar baya da ta daɗe tana bin kwalta tsakiyarta ke cinyewa ta yi faɗi, gefe ya yi kaifi, sai babur ya ƙi kwanciya a kwana, sa'an nan ya faɗa gaba ɗaya ba sallama. Ta gaba kuwa in ta ci tudu da kwari, ita ce ke kawo rawar kai. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Taya mai tsage-tsage a gefe ba abin riƙewa ba ce, ko da zanenta bai goge ba.

Kaya da goyo

Nan ne mafi yawan ɓarna ta ke. Buhun gero cikakke ya kan kai wajen kilo 100. In an ɗaure shi a kan kariya, nauyinsa yana bayan gatarin ƙafar baya ne, sai babur ya zama kamar sikeli: baya ya nutse, gaba ya ɗaga. Ƙafar gaba ita ke juya babur, ita ke da mafi yawan ƙarfin birki, in ta yi sako-sako a kan ƙasa to kai ba shi da mai riƙe shi. Wannan ne ya sa babur ɗin da ke tafiya lafiya da safe, in an dawo daga kasuwa da yamma ya riƙa girgiza kai kamar akuya mai ƙin igiya. Da dare kuma fitilarsa sama za ta riƙa haskawa, ta kashe wa mai zuwa ido, ta bar rami a duhu.

Dabara ita ce a jawo kaya gaba, su zauna a kan mazaunin goyo, kusa da bayan mahayi, mai nauyi a ƙasa, a daidaita hagu da dama, a ɗaure tam. Kayan da ke motsi sun fi masu nauyi haɗari, jarkar ruwa ko ta mai wadda ba ta cika ba ta fi cikakkiya wuyar ɗauka. Ko wane babur yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa a littafinsa, kuma a cikin lissafin har da mahayi. Mutum biyu manya sun kusa cinye na ƙaramin babur. A 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta fitar da dokar tsaro wadda a cikinta aka hana ɗaukar mutum uku a kan babur, aka kuma tsayar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Caranci. Dalilin dokar tsaro ne, amma ko da ba doka, shokazoba tana da tata: mutum uku a kan sifirin da aka yi domin biyu sun riga sun danne shi ƙasa tun kafin a tashi, ba sauran abin da zai karɓi rami.

Sifirin dabam, mai dabam

Abin da makanikai ke ce wa shoka abu biyu ne a haɗe, kuma rashin rarrabe su shi ke sa a yi gyaran banza. Na waje shi ne sifirin, murɗaɗɗen ƙarfe, aikinsa ɗaukar nauyi. Na ciki kuwa wani bututu ne cike da mai, da sanda mai 'yan ƙananan ramuka. In sifirin ya lanƙwasa zai so ya yi ta tsalle kamar ƙwallo, amma da ya ke man nan ba ya iya wucewa ta ramukan sai sannu-sannu, sai ya riƙe tsallen. Watau sifirin doki ne, mai kuwa linzami. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sayar da babur mai irin wannan fok na mai a gaba a 1935, kafin nan da ma bayan nan da 'yan shekaru yawancin babura ba su da komi a baya sai sifirin na ƙarƙashin sirdi.

Gwajin ba wuya. A danna bayan babur da ƙarfi a saki. Mai lafiya zai taso ya tsaya. In ya yi lilo sau biyu ko uku, man ya tsiyaye ko ya mutu, kuma galibi za a ga jikin bututun ya yi damshi ƙura ta manne masa. Irin wannan babur shi ke wutsil-wutsil da gindi a kan gargaɗa, don tayarsa rabin lokaci a sama ta ke. Yawancin shokazobar baya ta ƙananan babura a rufe ta ke, ba a ƙara mata mai, sai sakewa, kuma biyun tare a ke sakewa. Sabuwa a dama tsohuwa a hagu ta kan sa babur karkata.

In kuwa ba lilo, sai dai babur yana dukan ƙasa, to a dubi sifirin. A gindinsa akwai wani zobe mai hawa-hawa kamar matakala, galibi hawa 5. Murɗa shi sama yana danne sifirin, ya ɗaga bayan babur, ya maido masa tazarar da nauyi ya cinye. Abin mamaki, babura da yawa suna tsufa zoben yana inda kamfani ya bar shi, mai shi bai san amfaninsa ba. Ƙa'idar ita ce, in mahayi ya zauna da kayan da ya saba ɗauka, kada babur ya nutse fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukan tazarar. Ana iya aunawa da zare da taimakon yaro ɗaya: a auna daga gatarin baya zuwa wani noti a ƙarƙashin sirdi sa'ad da ƙafar baya ke sama, a sake aunawa bayan an zauna, bambancin shi ne nutsewar. Mutum ɗaya mara nauyi hawa na 1 ko na 2 ya ishe shi, mai goyo da kaya sai na 4 ko na 5. Lalle ne hagu da dama su zama a hawa ɗaya. A tuna fa, in an sauke kaya an bar zoben a sama, babur zai yi tauri, mahayi ya koma zargin hanya.

Akwai gyare-gyaren da ya kamata Hakimi ya hana a yi wa babur na hukuma. Ɗaya shi ne cusa guntun ƙarfe ko roba a tsakanin murɗin sifirin don ya yi ƙarfi, wannan yana rage tazarar da dama ba ta isa ba. Na biyu shi ne ɗaura shokazobar wani babur mai tsawo ƙwarai. Ƙarin tsawo kaɗan ba laifi, amma in ya yi yawa sai sarƙa ta ɗaure, baya ya ɗaga, kai ya yi sauƙin da ba a saba ba. Na uku shi ne walda a kan sandar shokazoba ko a kan fok da ya lanƙwashe aka miƙe da wuta. Ƙarfen da ya sha wuta ba ya gaya wa kowa ranar da zai karye.

Na gaba shi ma sifirin ne da mai, amma shi ana iya zuba masa sabo. Abokin gabarsa ƙurar hunturu ce. Tana mannewa a kan sandunan nan biyu masu ƙyalli, ta ci robar da ke tsare mai, sai a ga zobe-zoben mai a jikin sanda. Daga nan in an taka birki gaba ya nutse da ƙara, man da ke tsiyaya kuwa yana iya gangarawa ya shiga birki. Shafe sandunan da tsumma ko wace safiya, da sa musu rigar roba mai lanƙwasa, ya fi sayen sabuwar roba sau uku. In za a sake mai, a zuba na fok, a auna daidai a ƙafafun biyu. Baƙin man da aka juye daga inji ba shi da wuri a nan, ko da ya ke ana yi.

Wuya da gaɓoɓi

In taya da kaya da shokazoba duk sun yi daidai, amma babur bai daina yawo a kan hanya ba, sai a dubi gaɓoɓinsa. A sa turmi ko kututture a ƙarƙashin inji har ƙafar gaba ta bar ƙasa. A juya kai hagu da dama a hankali. In ya kan maƙale a tsakiya kamar ya faɗa wani ɗan gurbi, boris na wuya ya ci rami, sai sakewa. A kama ƙafafun fok daga ƙasa a ja gaba a tura baya, in an ji ƙas-ƙas to ya kwance, ɗaurewa da giris kaɗai ya ke so. Amma kada a matse shi har kai ya yi tauri, gama babur yana daidaita kansa ne da 'yan ƙananan motsin kai waɗanda mahayi ba ya ko ji, in an hana shi sai ya riƙa saƙa a kan hanya kamar mashayi.

Haka za a yi wa baya. A ɗaga ƙafar, a kama ta a girgiza gefe da gefe. Motsi ko kaɗan yana nuna boris na wili ya tafi, ko kuwa bushin da ke riƙe da ƙarfen nan mai rassa biyu wanda ƙafar baya ke ciki. Damina ce ke kashe waɗannan, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da a ke ƙetare rafi da fadama ruwa ya wanke giris ya bar yashi. Wayoyin wili kuma a bi su da sifana ana ƙwanƙwasawa ɗaya ɗaya: mai lafiya tana ƙara siririya, wadda ta saki tana amsawa a dushe. Sarƙa a bar mata sassauci kamar inci 1 a tsakiya, domin in ta ɗaure tam tana hana shokazoba aiki, ta kuma ci boris. Wurin jan sarƙa akwai zane-zane a hagu da dama, in ba a tsayar da su a lamba ɗaya ba ƙafar baya za ta kalli gefe, babur ya riƙa tafiyar kaguwa.

Hannun mahayi

Saura kuma mai hawa. Rairayi ba ya son birkin gaba, ba ya son a kashe mai gaba ɗaya. A rage gudu tun kafin a shiga, a sa giya ta ƙasa, a riƙe mai daidai, a sassauta hannu a bar kai ya ɗan yi wasansa, ido yana can gaba inda a ke so a fita. A kan laka a miƙe babur, kada a kwantar da shi. In kai ya fara rawa a kan kwalta, ƙanƙame shi da ƙarfi ƙara masa ya ke yi, haka ma cafke birkin gaba. Sai a matse tanki da gwiwa, a sunkuya gaba, a sassauta mai sannu-sannu har ya lafa, sa'an nan a tsaya a nemi dalili, gama rawar da ta zo sau ɗaya za ta dawo. Hular kwano kuwa tun Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta, kuma faɗuwa a kan marmara ba ta tambayar ko tafiyar ta kusa ce.

Abin da ya shafi ofis

Babur na hukuma ya fi na mutum saurin lalacewa, don hannuwa da yawa ke hawansa, ko wane yana tsammanin na bayansa zai kai shi gyara. Maganin wannan aikin malami ne. A buɗe wa ko wane babur ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar da aka auna iska, da ranar da aka sa taya da lambobinta huɗu, da ranar da aka zuba man fok, da hawan da zoben shokazoba ya ke. Wanda ya dawo daga rangadi ya ji wani baƙon hali, ya faɗa a rubuta da kalmominsa: ko dukan ƙasa ne, ko lilo, ko rawar kai, a wane irin wuri, da kaya ko ba kaya. Makaniki da aka kawo masa irin wannan bayani ba zai fara da kayan da suka fi tsada ba. Kafin a sa hannu a takardar sayen sabuwar shokazoba, malami ya tambaya ko an auna iska, an duba zobe, an ɗaga babur an girgiza ƙafafunsa, in kuwa an sake wani abu a kawo tsohon ofis a gani.

Lokaci biyu a shekara sun fi dacewa da babban bincike: ƙarshen damina, wajen Oktoba, kafin a fara jigilar amfanin gona, da ƙarshen hunturu, wajen Maris, bayan ƙura ta gama aikinta. Ana roƙon Hakimai su sanar da Dagatai da masu unguwanni wannan bayani a taronsu na gaba, su kuma su isar da shi ga shugabannin 'yan acaɓa na garuruwansu.